Kafin Ka Sa wa Motarka Babban Rim, Ko Ka Taɓa Mata Ƙafa

Babban rim yana ƙara wa mota kwarjini, wannan ba abin musu ba ne. Corolla ɗaya ce, amma wadda aka ɗora a kan inci 18 mai ƙyalli ta fi ta inci 15 jan ido a bakin titi, shi ya sa shagunan Ƙofar Ruwa a Kano da na Panteka a Kaduna ba sa rabuwa da masu tambayar farashi. Sai dai ƙafar mota ba wurin ado ba ce kawai. Waɗanda suka ƙera motar sun auna tsayin taya da nauyinta, da taurin sifirin, da ƙarfin shakazoba, da birki, da giya, har da maleji, suka daidaita su ta yadda kowanne zai yi aiki da ɗan'uwansa. Ka taɓa ɗaya, ka taɓa saura. Ba cewa nake kada a taɓa ba. Akwai canjin da ke gyara mota, akwai wanda ke ɓata ta, kuma ana iya rarrabe su da ɗan lissafin da kowa zai yi a wayarsa tun kuɗi bai bar aljihu ba.

Fara da lambobin da ke jikin taya

Tsuguna ka duba gefen tayarka, za ka ga rubutu irin wannan: 195/65 R15 91H. Lambar farko faɗin tayar ne a milimita. Ta biyun ce ake yawan yi wa gurguwar fahimta. Wannan 65 ba milimita ba ce, kaso ce: tsayin gefen tayar, daga bakin rim zuwa inda take taka ƙasa, kashi 65 ne cikin 100 na faɗinta. Wato 195 sau 0.65, kimanin milimita 127. Sai 15, girman rim a inci. Inci ɗaya milimita 25.4 ne, don haka rim ɗin milimita 381 ne. Haɗa gefen sama da gefen ƙasa da rim, 127 da 127 da 381, za ka sami kusan milimita 635. Wannan shi ne cikakken tsayin ƙafar, kuma a kansa aka saita giya da maleji da kwamfutar birki. Rubuta shi ka ajiye.

Kada ka dogara da tayar da ka tarar a jikin motar, musamman idan 'yar Beljiyam ce ko ta hannu ka saya, domin wataƙila wani ya riga ka canza ta. Buɗe ƙofar direba, a jikin ginshiƙin ƙofar akwai 'yar takarda da kamfani ya liƙa, mai ɗauke da girman tayar asali da yawan iskar da take so. A wasu motocin Turai a cikin murfin tankin mai take.

Ƙa'idar ƙara girman rim ɗaya ce: rim ya ƙaru, gefen taya ya ragu, cikakken tsayi ya tsaya inda yake. Mai 195/65 R15 in yana son inci 16, tayarsa ita ce 205/55 R16, tsayinta milimita 632. In inci 17 ne, 225/45 R17, milimita 634. In 18 ne, 225/40 R18, milimita 637. Duk suna kusa da 635. Masu sana'ar taya sun saba shawartar kada bambancin ya wuce kashi 3 cikin 100, sama ko ƙasa. To amma dubi abin da ya sami gefen tayar a wannan hawa: daga milimita 127 ya sauko 113, ya sauko 101, ya ƙare a 90. Kusan duk ribar babban rim da duk hasararsa daga wannan ragin suke fitowa.

Abin da ake samu da abin da ake biya

Riba tukuna. Taya mai gajeren gefe ba ta lanƙwasa sosai a kwana, don haka da ka juya sitiyari motar take amsawa, babu wannan ɗan jinkirin da ake ji a doguwar taya. Yawanci kuma ta fi faɗi, kuma irin waɗannan tayoyi ana yin su da roba mai kama kwalta. A busasshen titi mai kyau motar za ta fi riƙe hanya, birki ma yakan fi ci. Babban rim kuma yana ba da filin sa babban faifan birki, wanda shi ne ainihin dalilin da ya sa motoci masu ƙarfin inji suke zuwa da shi daga kamfani. Wanda ya sa inci 18 a kan ƙaramin faifan da aka yi don inci 15 bai ƙara wa birkinsa ƙarfi ba, fili kawai ya bari.

Biyan kuma ta fuskar nauyi yake farawa. Ƙarfe ko alminiyam ya fi roba da iska nauyi, saboda haka ko da tsayin ƙafa bai canza ba, babban rim da faffaɗar taya sun fi nauyi, kuma nauyin ya matsa can gefe, nesa da tsakiya, inda ya fi wahalar juyawa da wahalar tsayarwa. Wannan nauyi ba a kan sifirin yake zaune ba, a ƙarƙashinsa yake. Mai gudu da ya goya kilo biyu a baya ba ɗaya yake da wanda ya ɗaura su a idon sawu ba. Haka ƙafar mota: duk lokacin da ta haɗu da tudu sai ta yi sama, shakazoba ya danne ta ta dawo ƙasa, kuma gwargwadon nauyinta gwargwadon wahalar danne ta. A hanya mai gargada ƙafa mai nauyi tsalle take yi, kuma tayar da ke sama ba ta birki, ba ta kwana.

Mujallar motoci ta Amurka mai suna Car and Driver ta gwada wannan a 2010. Ta ɗauki Volkswagen Golf guda ɗaya ta riƙa canza mata ƙafa daga inci 15 har zuwa 19, da irin girman tayoyin da na lissafa a sama. Nauyin kowace ƙafa ya tashi daga kimanin kilo 18 zuwa kimanin 24. Lokacin da motar ke ɗauka daga tsaye ta kai gudun mil 60, wato kusan kilomita 97 a awa, ya ƙaru daga daƙiƙa 7.6 zuwa 7.9. Shan mai ya ƙaru da kusan kashi 10 cikin 100. Riƙon kwana ya inganta, gaskiya ne, amma inci 18 ya ɗara 19 a nan ma. A tsadar fetur ta yau, mai mota ya yi wa kansa lissafin abin da kashi 10 ke nufi a wata.

Duk wannan a kan lafiyayyar kwalta aka auna. Mu kuwa abin da ya fi damunmu rami ne. Gefen taya shi ne shakazoba na farko a mota, shi ke fara shanye duka kafin ya kai ga sifirin. Idan taya ta faɗa rami mai kaifin baki, robar tana matsewa tsakanin bakin ramin da bakin rim. Mai milimita 127 tana da sararin lanƙwasa ta dawo. Mai milimita 90 nan da nan take ƙurewa, rim ya daki kwalta, zaren cikin tayar ya tsinke, washegari a ga ƙulu ya fito a gefe. Tayar da ta yi ƙulu ta mutu, babu facin da zai tashe ta, kuma tana iya fashewa a tsakiyar gudu. Rim ɗin ma yakan lanƙwashe ko ya tsage. Na ƙarfe ana iya buga shi ya miƙe a ci gaba da tafiya, na alminiyam kuwa in ya tsage, waldar da ake yi masa a bakin hanya ba abin dogaro ba ce. Dukan da tayar ta kasa shanyewa kuma ba ɓacewa yake ba, yana wucewa ne zuwa boris, da bol-joyin, da tayarod, da bushin, har ya iso bayan mai tuƙi.

Masu tseren motoci sun san wannan sarai. A gasar tsere ta duniya da ake yi a hanyoyin daji da na gari, mota ɗaya takan sa inci 18 ranar da za a yi gudu a kwalta, ta koma inci 15 mai dogon gefe ranar da za a shiga burji da tsakuwa. Motocin Formula 1 kansu a kan inci 13 suka yi shekaru masu yawa suna gudu, sai a 2022 suka koma 18. Mu ma muna da misali a gida. Peugeot 504, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar PAN a 1975, a kan inci 14 take da taya mai ƙiba, da ƙafa mai dogon zangon hawa da sauka. Abin da ya sa ta jure hanyoyinmu ke nan, kuma a wannan shekara ta 1975 ita ce ta ci tseren Safari na Kenya.

Sauran abubuwa biyu a taƙaice. Faffaɗar taya ta fi saurin hawa kan ruwan da ya kwanta a titi da damina, musamman in zanenta ya fara suɗewa, sai sitiyari ya yi sakayau a hannu. Sannan tayar babban rim ta fi tsada, kuma tsadar ce ke tura mutane sayen tsohuwa. Nemi lambobi huɗu da ke ƙarshen layin da ya fara da DOT a gefen taya: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta daɗe tana faɗakarwa a kan tsofaffin tayoyi, domin roba tana bushewa ko da zanenta na nan, zafin ƙasarmu kuma yana gaggauta hakan. Sabuwar taya a kan inci 15 ta fi tsohuwa a kan inci 18 ta kowace fuska.

Idan cikakken tsayin ya canza

A ce mai Corolla da ke kan 195/65 R15 ya sa 245/45 R18 saboda ita ya samu a kasuwa. Tsayinta milimita 678, ta ɗara ta asali da kusan kashi 7 cikin 100. Maleji juyin taya yake ƙirgawa, bai san an canza ta ba, don haka in ya nuna 100 motar tana kan 107 ko kusa da haka, kilomitocin da yake tarawa kuma sun gaza na gaskiya, har lokacin juyen baƙin mai ya wuce ba a sani ba. Ƙarfin da ke isa ƙasa daga inji ya ragu da kimanin kashi 6, tamkar an tsawaita kowace giya, sai motar ta yi nauyin tashi, mai giyar otomatik kuma ta riƙa neman giya a hawa. Birki ma haka, aikinsa ya ƙaru. Ga gogar madigadi in an cika sitiyari ko an ɗauki mutane a baya.

Duk da haka akwai inda ɗan ƙarin tsayi yake da amfani, kuma shi ne canjin da na fi ganin hikimarsa ga mai shiga ƙauye: a bar rim yadda yake, a ƙara gefen taya kaɗan. Daga 195/65 R15 zuwa 205/65 R15 tsayi ya ƙaru da kashi 2 cikin 100, motar ta ɗaga da milimita 6 zuwa 7, ta kuma sami ƙarin laushi. Mai Hilux da ke kan 265/65 R17 in ya koma 265/70 R17 ya ɗaga cikinta da kimanin milimita 13, ya ɗan haura kashi 3. In ya zarce zuwa 285/70 R17 ya kai kashi 7, ya shiga matsalolin da aka ambata. Direbobin da ke ratsa rairayin Agadez sukan rage iska domin tayar ta baje a kan yashi, kuma dogon gefe ne ke ba da damar yin haka. Siririn gefe in aka rage masa iska, rim ne zai taka ƙasa.

Mota mai jan ƙafa huɗu tana da ƙarin sharaɗi: tayoyinta huɗu su zama girma ɗaya, safaya ma haka. Bambancin tsayi tsakanin gaba da baya yana cin kayan cikin giya a hankali.

Shin rim ɗin ma na motarka ne?

Shigar noti ba ita ce shaidar rim ya dace ba. Abu huɗu ake dubawa. Na farko tsarin ramukan noti, wato yawansu da faɗin da'irar da suke kai. Camry da Accord masu noti biyar 5x114.3 ne, Corolla ta Amurka ta shekarun 2003 zuwa 2013 kuwa 5x100 ce, Mercedes 5x112, Peugeot 406 kuma 4x108, Hilux mai noti shida 6x139.7. Tsakanin 112 da 114.3 tazarar ƙanƙanuwa ce, har ana iya tilasta notin ya shiga, amma zai zauna a karkace, kuma kusar da ke ɗauke da nauyi a karkace ranar karyewarta kawai take jira. Kada ka yarda a faɗaɗa ramukan da injin huda.

Na biyu ramin tsakiya. Na Camry milimita 60.1 ne, na Accord 64.1. In ramin rim ya fi hob ɗin motar faɗi, a sa zoben da ke cike gibin, in ba haka ba sitiyari zai riƙa rawa a gudu ko an yi balansin sau nawa.

Na uku, wanda aka fi mantawa, lambar da ke bayan rim mai farawa da ET. Ita ke nuna yadda rim zai shige ciki ko ya turo waje, a milimita. Ƙaramar lamba tana turo ƙafa waje. Mutane suna son wannan don motar ta yi faɗi a ido, amma yana ɗora wa boris nauyi ta inda ba a shirya masa ba, yana sa sitiyari fizga in an taka birki ko an faɗa rami, tayar kuma ta riƙa cin bakin madigadi. Babbar lamba tana shigar da ƙafa ciki har ta goga jikin shakazoba. Ka tsaya kusa da lambar asali, bambancin milimita 5 ko makamancin haka ba ya cutarwa.

Na huɗu mazaunin noti. Wani a kwance yake da washa, wani mai tsini, wani mai zagaye, kuma dole notin ya dace da rim ɗin da aka sa, ba da motar kawai ba.

Sai mu koma ga 91H ɗin nan. Lamba 91 na nufin tayar tana ɗaukar kilo 615, H kuma gudun kilomita 210 a awa. Tayoyi masu gajeren gefe sau da yawa lambar ɗaukar kayansu ta fi ƙanƙanta. Mai 87 kilo 545 take ɗauka, ka ga an rasa kilo 70 a kowace ƙafa. Kada ka sauka ƙasa da lambar da kamfani ya rubuta, balle motar da ake cikawa da iyali da buhuna.

Sifirin da shakazoba

Aikinsu daban ne, kuma rashin rarrabewa yana jawo asarar kuɗi. Sifirin ne ke ɗauke da nauyin mota, shi ke yanke tsayinta daga ƙasa. Shakazoba ba ya ɗaukar kaya, aikinsa hana sifirin ci gaba da lilo bayan an wuce tudu. Motar da ta zauna ta baya sifirinta ne ya gaji, sabon shakazoba ba zai ɗaga ta ba. Wadda ke ta rausaya bayan rami, ko take dungura hanci in an taka birki, ko tayarta ke cinyewa tudu-tudu, shakazobanta ne ya mutu.

A nan ne nake ganin yawancin masu mota suke tsallake matakin da ya fi kowanne riba. Motar da ta yi shekara goma sha biyar tana yawo, ta ƙetaro teku, ta ƙara wasu shekarun a hanyoyinmu, ba ƙarin ƙarfi ƙafarta ke nema ba, komawa yadda aka ƙera ta take nema. A ɗaga ta, bakanike ya girgiza kowace ƙafa sama da ƙasa, hagu da dama, ya duba bushin da suka tsattsage, da bol-joyin mai wasa, da shakazoba mai yoyon mai, da robar da ke samansa. A canza abin da ya mutu da sabo na kamfanin da aka sani, irin su KYB, Sachs, Monroe ko Bilstein, tare da lura cewa jabu sun cika kasuwa. Shakazoba bibbiyu ake canzawa, na gaba tare ko na baya tare, sifirin ma haka. Na kwance da ake wankewa a fesa masa fenti ba wanda ya san sauran kwanansa. Da yawa daga masu neman a yi wa motarsu ƙari, da sun yi wannan sai su tarar abin da suke nema ke nan.

Mai son saukar da mota ƙasa yana da hujjarsa: nauyinta ya matso kusa da ƙasa, ba ta kwanciya sosai a kwana. Ana sayar da sifirin da aka yi don haka, masu sauke ta da milimita 25 zuwa 40, gajeru kuma masu tauri, kuma suna buƙatar shakazoba da ya dace da su, domin na asali zai riƙa aiki a ƙurarren wuri ya mutu da wuri. Abin da ba a yi shi ne yanke sifirin asali ko gasa shi da wuta. Yankakken sifirin ba ya zama daidai a mazauninsa, gasasshe kuma ƙarfensa ya lalace. Sannan mai wannan niyya ya tuna da tudun rage gudu da ke kowace unguwa, da kwatamin ƙofar gida, da kaskon baƙin mai da salansa da ke can ƙasa. A garuruwanmu ban ga ribar da ta kai wannan kasada ba.

Ɗagawa ita ta fi yawa a wurinmu, kuma dalilinta a fili yake. Ana sa sifesa a saman shakazoba, ko a sa sifirin da ya fi tsawo. A ƙaramar mota milimita 20 zuwa 30 ya isa. Fiye da haka shaf zai riƙa aiki a karkace, robarsa ta yage, ya fara ƙara a kwana, bol-joyin ya ƙure, saitin ƙafa kuma ya ƙi zama. Cusa guntun taya ko katako a tsakanin zoben sifirin ba ɗagawa ba ce, hana sifirin aiki ne, kuma a wurin yakan karye. Manyan motocin daji akwai cikakkun kayan da ake yi musu, sifirin da shakazoba da aka auna tare, irin na Old Man Emu na Ostareliya, masu ɗaga kimanin inci 2. Amma a sani, a motar da aksil ɗin bayanta sanda ɗaya ce kamar Hilux, ɗaga jiki ba ya ɗaga ƙullin aksil ɗin daga ƙasa. Taya ce kaɗai ke ɗaga shi.

Duk abin da aka ɗaga kuma ya fi saurin kifewa. A 1997 wata mujallar motoci a Suwidin ta gwada sabuwar Mercedes A-Class, doguwa mai gajeren jiki, a gwajin kauce wa dabba a kan hanya, motar ta kife. Mercedes ta dakatar da sayarwa, ta sauke motar ƙasa, ta ƙara wa ƙafarta tauri, ta canza tayoyi, ta sa kwamfutar hana zamewa. Kauce wa akuya ko ɗan acaɓa a tsakiyar gudu abin yau da kullum ne a nan. Wanda ya ɗaga motarsa, ya kuma ɗora kaya a rufi, ya rage gudu a kwana.

Masu motocin haya da na ɗaukar kaya sukan ƙara ganyen sifirin a baya ko su sa mai kauri domin motar ta daina zama. Ta daina zama ɗin, amma birki bai ƙaru ba, boris da aksil da taya duk na jiya ne. Nauyin da kamfani ya ƙayyade yana nan yadda yake. In kuma babu kaya, bayan motar tsalle zai riƙa yi, ya fi saurin zamewa a jiƙaƙƙen titi.

Akwai kuma sandar sitabilaiza, mai haɗa ƙafar hagu da ta dama don rage kwanciya a kwana. Mai kauri tana rage kwanciyar ba tare da ta taurara tafiya a miƙaƙƙen titi sosai ba. Sai dai in aka ƙara ta baya kawai, bayan motar zai fi saurin juyowa a kwana, in ta gaba ce kawai, motar za ta riƙa turjewa tana son miƙewa. Wanda bai san wanne yake nema ba ya canza robobinta da 'yan sandunan da ke riƙe ta, ya bar ta haka.

Ranar aiki da bayanta

Yi canji ɗaya a lokaci guda, domin in wani abu ya ɓaci ka san daga inda ya fito. Gyaran ƙafa ne farko, taya da rim daga baya. Kafin ka biya kuɗin rim, sa a ɗaura ɗaya a gaba, a juya shi da hannu a ga bai taɓa birki ba, a sauke jak, a cika sitiyari hagu da dama, a zura hannu a ji tazarar da ke tsakanin taya da madigadi da shakazoba. A gwada na baya da mutane zaune a ciki.

Kusoshin da ke ratsa bushin ba a ƙarasa ɗaure su mota na rataye. Sai an sauke ta ta zauna a kan ƙafafunta, in ba haka ba robar za ta kasance a murɗe, ta yage cikin 'yan watanni. Wannan ƙaramin abu ne da ake yawan tsallakewa a gareji, ka tsaya ka ga an yi shi. Notin taya kuma a bi su a gicciye, ba a jere ba, kuma da sifana mai awo in akwai. Ƙananan motocin Toyota 103 Nm suke so, na Honda 108. Hawa kan sifana da ƙafa yana miƙar da kusa, yana kuma iya karkatar da faifan birki.

Daga nan sai balansin na kowace ƙafa, sai alaimen, wanda wajibi ne duk lokacin da aka canza tsayin mota ko aka kwance kayan ƙafa. A sake saita fitilun gaba, domin motar da aka ɗaga tana kashe wa masu tahowa ido. Iska kuma da safe ake auna ta kafin taya ta yi zafi, a fara da abin da ke rubuce a ginshiƙin ƙofa. Lambar da ke jikin taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, ba abin da za a sa ba, kuma kada ka bar mai faci ya yanke maka da dukan ƙarfe. Taya mai gajeren gefe ba ta nuna ta sace a ido sai ta kusa ƙarewa, don haka sayi gejinka ka riƙa dubawa duk mako biyu.

Bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100 a sake bin notin. Kunna manhajar auna gudu a waya, wani na riƙe da ita, ka gwada da maleji ka san bambancinsu. Bayan wata guda shafa tafin hannu a kan zanen kowace taya: in gefe ɗaya ya fi cinyewa, saiti bai zauna ba, koma wurin mai alaimen. Tsofaffin rim da sifirin kuma kada ka sayar da su nan take, ajiye su har damina ta wuce ka ga yadda motar ta yi.

Ga mai ƙaramar mota da ke bin hanyoyinmu, shawarata ita ce ya tsaya a girman rim na asali ko ya ƙara inci ɗaya tak, kada lambar tsakiya ta tayarsa ta sauka ƙasa da 55, sauran kuɗin kuma ya zuba su a sababbin tayoyi huɗu da shakazoba na gaske.